Tambayi Likita: Tuntuɓe, Targaɗe ko Karaya?

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan watan daga Katsina da Daura duk a kan ƙafa suke, musamman yatsu da gaban ƙafa. Likitocin ƙashi da ke amsa tambayoyin wannan fili sun zaɓi takwas daga ciki. Kafin amsoshin, yana da kyau mai karatu ya san yadda wurin yake. Ƙafa ɗaya, daga dunduniya zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26, kuma 19 daga cikinsu a gaba suke: dogayen ƙasusuwa biyar da ke jere daga tsakiyar ƙafa zuwa gindin yatsu, kowanne yana kaiwa ga yatsa ɗaya, sai ƙasusuwan yatsu 14. Babban yatsa yana da biyu, sauran huɗun kowanne uku. A amsoshin da ke ƙasa, idan muka ce "dogon ƙashi na ɗaya" muna nufin na babban yatsa, na biyar kuma shi ne na ƙaramin yatsa.

Assalamu alaikum, Likita. Na yi tuntuɓe da dakali da asuba ina hanyar masallaci. Ɗan yatsan da ke kusa da ƙaramin ya kumbura ya yi baƙi. Abokina ya ce tunda ina iya takawa ai targaɗe ne kawai. Haka ne? — Wani magidanci, Ƙofar Marusa, Katsina

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sawwaƙe. Abokinka ya faɗi abin da kowa ke faɗi, amma ba daidai ba ne. Mutane da yawa suna tafiya a kan karyayyen yatsa, domin nauyin jiki ba a kan ƙananan yatsu yake sauka ba. Iya takawa ba shaida ba ce.

Ga gwajin da za ka yi. Ka kama kan yatsan, ka tura shi a hankali zuwa ciki, kamar kana son gajarta shi. Idan zafi ya soke ka a wuri ɗaya cikin ƙashin, mai yiwuwa karaya ce. Naman da ya bugu kawai ba ya yin haka sosai. Sannan ka jera ƙafafunka biyu ka duba farcen. Idan farcen yatsan da ya bugu yana kallon sama kamar ɗan'uwansa na ɗaya ƙafar, ƙashin bai juya ba. Idan ya karkata gefe, ko yatsan ya hau kan maƙwabcinsa, ko ya lanƙwashe, to sai asibiti, a yi allurar kashe zafi a gindin yatsan, a ja shi a miƙar. Haka nan idan fata ta yage, ko jini ya taru a ƙarƙashin farce yana maka zugi, ko yatsan ya yi sanyi ba ka jin taɓi.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, maganin yana da sauƙi har wasu su raina shi. Ana ɗaure yatsan ne tare da lafiyayyen da ke kusa da shi, shi ya zame masa karan ɗori. Ka wanke ƙafar ka busar. Ka sa 'yar auduga ko gozi tsakanin yatsun biyu. Wannan ba ado ba ne, idan babu ita gumi zai jiƙa fata ta saɓule. Ka yanko filasta mai faɗin kamar santimita ɗaya ko fiye kaɗan, ka zagaya yatsun sau biyu ba tare da ja ba. Bayan ka gama ka danna kan yatsan har ya yi fari, ka saki: launinsa ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Idan ya daɗe, ɗaurin ya matse, ka kwance ka sake. Ka canza audugar da filastar kullum, ko duk lokacin da suka jiƙe.

Takalmi shi ne rabin maganin. Silifas na roba yana lanƙwashewa a daidai inda ba a so, don haka ka nemi mai tauri a ƙasa, mai faɗi a gaba, wanda in ka kama shi da hannu biyu ba ya naɗewa. A kwana biyun farko ka riƙa ɗora ƙafar a kan matashi idan ka kwanta, ka sa ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza da man zafi a waɗannan kwanakin. Kumburin zai ƙaru ne. Babba mai lafiyar hanta zai iya shan farasitamol giram 1 duk awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini. Ibuprofen yana taimakawa, amma ba ga mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko mai juna biyu ba. Ƙashin yakan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida. Kumburin kuwa yana iya kai watanni yana tafiya yana dawowa, wannan ba abin tsoro ba ne.

Likita, ɗana mai shekara tara ya daki dutse da babban yatsa wurin ƙwallo ba takalmi. Jini ya fito ta gindin farce. An wanke masa a kemis an sa aidin. Yau kwana biyar, wurin ya yi ja yana fitar da ruwa. — Wata uwa, Daura

Hajiya, ki kai shi asibiti yau, kada ki jira gobe. A jikin yara akwai wani faifan guringuntsi kusa da ƙarshen ƙashi wanda daga nan ƙashin ke girma, kuma a babban yatsa wannan faifan yana daidai ƙarƙashin gindin farce, fatar da ke tsakaninsu siririya ce ƙwarai. Idan yaro ya yi mummunan tuntuɓe yatsan ya lanƙwashe ƙasa da ƙarfi, ƙashin kan buɗe ta wannan faifan, fatar ta tsage. Jinin da kika gani a gindin farce yana iya zama daga cikin ƙashin ya fito. Wato karaya ce mai buɗaɗɗen baki, ko da ramin bai fi tsinin allura ba, kuma ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa.

Abin da za a yi shi ne hoton ƙashi, musamman na gefe, domin a nan buɗewar ke bayyana. Idan an tabbatar, sau da yawa sai an ɗaga farcen an wanke ciki sosai, an cire naman da ya maƙale tsakanin ƙashin, a mayar da shi wurinsa, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a duba ko yana buƙatar allurar tetanas. Jan da ruwan da kike gani alama ce cutar ta fara shiga. Idan ta kai cikin ƙashi maganinta makonni ne, kuma tana iya taɓa girman yatsan.

Babban yatsa dai, ko a babba, ba a yi masa irin sakacin da ake yi wa ƙanana. Da shi ake tunkuɗa jiki gaba a kowane taku. Idan karayarsa ta goce, ko ta ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fuskar gaɓa, likitan ƙashi ne zai duba ko sai an yi aiki.

Ranka ya daɗe, na faɗo daga doki a hawan sallah, ƙafata ta maƙale a likafa ta murɗe. An yi hoto an ce babu karaya. Mako uku ke nan ba na iya takawa, kuma tun kwana na biyu tsakiyar tafin ƙafata ya yi baƙi kamar jini ya kwanta. — Wani mahayi, Katsina

Malam, abubuwa uku da ka faɗa, wato likafa, da kwantaccen jini a tafin ƙafa, da kasa takawa duk da an ce hoto lafiya, sun sa dole a sake dubawa. Akwai wata gaɓa a tsakiyar ƙafa inda gindin dogayen ƙasusuwan nan biyar ya haɗu da ƙasusuwan baya. Likitoci suna kiranta da sunan Lisfranc, wani likitan fiɗa Bafaranshe da ya yi aiki a rundunar Napoleon, kuma faɗowar mahayi ƙafarsa tana cikin likafa ita ce misalin da aka fi bayarwa na yadda take lalacewa. Gindin dogon ƙashi na biyu a soke yake cikin wani lungu, wata jijiya mai ƙarfi tana riƙe da shi. Idan ta tsinke, ginshiƙin tafin ƙafa ya saki.

Dalilin da ya sa hoton farko ke ɓoye ta shi ne a kwance ake ɗaukarsa. Ba nauyi a kan ƙafar, sai ƙasusuwan su koma kusa da wurinsu. Ka nemi a yi maka hoto kana tsaye, nauyinka a kan ƙafar gwargwadon yadda za ka iya jurewa, kuma a ɗauki ƙafafun biyu don a gwada. Abin da ake nema shi ne giɓi tsakanin gindin ƙashi na ɗaya da na biyu, ko wani ɗan ɓarɓashin ƙashi a cikin giɓin. Idan har yanzu ana shakka, sai hoton CT ko MRI, wato hotunan na'urorin da ke nuna cikin ƙafa dalla-dalla fiye da hoton ƙashi na yau da kullum.

Idan ƙasusuwan ba su motsa ba, ana sa siminti, mako shida aƙalla ba taka ƙasa. Idan giɓin ya wuce milimita 2, aiki ake yi, a mayar da su a kafe da ƙusa ko faranti. Wanda ya yi ta dogarawa a haka yana cewa targaɗe ne, ƙarshenta tafin ƙafar ya baje, gaɓar ta cinye kanta, ciwo ya zauna. Mako uku bai yi latti ba, amma kowane mako da aka ƙara yana sa gyaran ya ƙara wuya. Ka daina takawa tun yanzu, ka sami sandunan dogarawa, ka je wurin likitan ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Likita, ƙafata ta gurɗe ina saukowa daga Keke Napep. Hoto ya nuna karaya a gefen ƙafa ta waje, bayan ƙaramin yatsa. An sa mini siminti an ce kada in taka mako shida. Maƙwabciyata ta yi irin wannan bara, bandeji kawai aka sa mata tana yawonta. Ko an tsananta mini ne? — Wata malamar makaranta, Ƙofar Ƙaura

Malama, ki shafa gefen lafiyayyar ƙafarki daga ƙaramin yatsa zuwa baya. Wajen tsakiya za ki ji wani ɗan tudu. Wannan shi ne gindin dogon ƙashi na biyar, kuma a cikin tazarar da ba ta fi faɗin yatsu biyu ba akwai karaya iri dabam-dabam da maganinsu bai zama ɗaya ba.

Idan ƙafa ta gurɗe ciki, jijiyoyin da ke manne da kan tudun sukan fizgo ɗan guntun ƙashi. Wurin yana samun jini sosai, yana haɗewa da kansa. Takalmi mai tauri ko bandeji ya isa, mutum ya taka gwargwadon yadda zafi ya bari. Mai yiwuwa irin ta maƙwabciyarki ke nan. Amma idan layin karayar ya matso gaba kaɗan, kamar santimita ɗaya da rabi zuwa uku daga kan tudun, labari ya canza. Wannan ita ake kira karayar Jones, da sunan likitan ƙashi na Birtaniya Robert Jones, wanda ya bayyana ta a 1902 bayan shi kansa ya same ta wurin rawa. A daidai nan hanyoyin jini biyu da ke ciyar da ƙashin suke ƙarewa, kowace ba ta kai sosai ba. Ƙashin da jini bai wadace shi ba a hankali yake haɗewa, idan kuma ana motsa shi da taku yana iya ƙin haɗewa ɗungurungum. Shi ya sa ake hana taka ƙasa mako shida zuwa takwas, a sake hoto kafin a ba da izini. 'Yan wasa, da waɗanda tasu ta ƙi haɗewa, ana zura musu ƙusa ɗaya ta tsakiyar ƙashin.

Ki tambayi likitanki kai tsaye wace iri ce taki. Idan ya ce ta Jones ce, ba a tsananta miki ba. Kuma "kada ki taka" yana nufin har zuwa banɗaki da kicin. Taku goma a tsakar gida sau ashirin a yini tafiya ce. Idan ƙwaurinki ya kumbura yana ciwo a cikin simintin, ko numfashi ya yi miki wuya, ki koma asibiti nan take, domin rashin motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiya.

Likita, bulo ya faɗo wa ƙanena a bayan ƙafa a wurin gini. Mun kai shi wurin mai ɗori ya ja ƙafar ya ɗaure da kara da tsumma. Tun jiya bai yi barci ba don zafi, yatsun sun kumbura sun yi sanyi, ya ce kamar ba nasa ba. Mai ɗorin ya ce ƙashi ne ke kamawa. — Wani ɗan'uwa, Daura

A kwance ɗaurin nan yanzu, kafin ka gama karanta amsar, a ajiye ƙafar daidai da ƙirjinsa yana kwance, a tafi asibiti. Ƙashi ba ya kamawa da irin wannan zafin. Ƙafar da abu mai nauyi ya danne tana ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. Naman cikinta a rarrabe yake cikin ɗakuna masu bango da ba ya miƙewa. Idan kumburi ya cika ɗakunan, aka kuma ƙara matsi daga waje da kara, jini ya daina shiga. Alamar farko ita ce zafin da ya fi ƙarfin raunin, wanda magani ba ya kwantarwa, kuma yana ƙaruwa idan aka ɗaga yatsun sama. Sai yatsun su daina jin taɓi, sai sanyi, sai baƙi. Nama yana fara mutuwa cikin awa shida zuwa takwas. Idan kwance ɗaurin bai wadatar ba, likita zai tsaga fata ya buɗe ɗakunan don ceto ƙafar.

Ba muna cewa maɗora ba su san komai ba. Karaya da yawa da ba su goce ba za su haɗe a hannun kowa, domin jiki ne ke haɗa ƙashi. Matsala biyu ce: ba sa ganin cikin ƙafar, kuma ɗauri mai zagaye a kan sabon kumburi haɗari ne ko wa ya yi shi. Shi ya sa a asibiti ma ba a zagaye sabuwar karaya da siminti. Rabi ake sawa ta baya da ƙasa, a naɗe da bandeji mai laushi, sai kumburi ya sauka bayan kamar mako guda a cika.

Idan an wuce wannan haɗarin, hoto ta fuska uku, sama da gefe da karkace, shi zai nuna mataki na gaba. Dogon ƙashi ɗaya na tsakiya da ya karye bai goce ba, maƙwabtansa suna riƙe shi, takalmin asibiti mai tauri ko siminti ya isa, ya haɗe cikin mako shida zuwa takwas. Idan ya goce fiye da milimita 3 ko 4, ko ya karkata sama ko ƙasa fiye da digiri 10, ana gyara shi, sau da yawa a riƙe da siririyar waya da ake zarewa bayan mako huɗu zuwa shida. Dalilin wannan ƙa'idar yana tafin ƙafa: kawunan ƙasusuwan biyar a layi ɗaya suke raba nauyi. Wanda ya haɗe yana kallon ƙasa zai riƙa ɗaukar fiye da rabonsa, kanta mai zafi ta fito a ƙarƙashinsa kamar an sa tsakuwa a takalmi. Wanda ya haɗe yana kallon sama kuma ya tura nauyinsa kan na kusa da shi. Ƙashi na ɗaya, da karayar ƙasusuwa da yawa a lokaci guda, an fi saurin yi musu aiki.

Ina shirin neman aikin soja, na fara gudu kullum da safe wata guda ke nan. Yanzu bayan ƙafata yana ciwo ya ɗan kumbura, ban kuwa bugu ba. Hoto bai nuna komai ba. — Wani matashi, Batagarawa

Samari, wannan ya yi kama da tsagewar gajiya, wadda aka daɗe da sani a wurin sababbin sojoji masu fareti. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. Idan ka ɗora masa aiki da sauri fiye da yadda yake gyara kansa, sai ya yi 'yar tsaga, galibi a dogon ƙashi na biyu ko na uku. Ka bi ƙashin da yatsa ɗaya kana dannawa. Za ka sami wuri guda da ya fi zafi. A mako biyu zuwa uku na farko hoto ba ya nuna ta. Idan aka sake bayan haka, sai a ga sabon ƙashi ya taru a wurin kamar gajimare.

Ka ajiye gudu mako shida zuwa takwas, ka sa takalmi mai tauri, ka riƙe ƙarfinka da tuƙa keke idan ba ya tayar da zafin. Ba za ka koma gudu ba sai ka iya tafiyar minti 30 ba ciwo, kuma danna wurin ba ya zafi. In ka koma, kwana ɗaya gudu kwana ɗaya hutu, a kan ƙasa ba kwalta ba, da kambas mai kauri. Ka ci abin da ke gina ƙashi, irin su nono da wake da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, kuma in kana shan taba ka bari, tana jinkirta haɗewar ƙashi. Idan ciwon a gefen waje ne wajen ƙashi na biyar, ko can gindin na biyu, kada ka yi jinyar kanka.

Mahaifinmu yana da ciwon suga shekaru da yawa. Ƙafarsa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi bayan ɗan tuntuɓe, amma ya ce ba ya jin zafi. — 'Yarsa, Ƙofar Guga

Rashin zafin shi ne abin damuwa. Suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji, sai Baba ya yi ta tafiya a kan karaya bai sani ba, ƙasusuwan su riƙa rugujewa ɗaya bayan ɗaya har ƙafar ta canza siffa. Ku hana shi takawa, ku kai shi a yi hoto cikin kwana ɗaya ko biyu, a kuma duba ko cuta ce ta shiga. Kada ku naɗa masa filasta da kanku, kada a gasa, kada a yi tsaga. Ku duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu kullum. Jinyarsa za ta ɗauki lokaci fiye da ta mai lafiya, kuma saita sugan wani ɓangare ne na haɗa ƙashin.

Da siminti a ƙafata yaya zan yi da alwala da salla? Kuma yaushe zan hau babur ɗina? — Wani ɗan kasuwa, Mai'aduwa

Alhaji, kada ruwa ya shiga simintin. Yana laushi, fatar ciki kuma ta jiƙe ta yi gyambo. Malaman fiƙihu sun halatta shafa a kan ɗaurin karaya, kuma sun halatta salla a zaune ga wanda tsayuwa za ta cutar. Ka tuntuɓi malaminka don bayani filla-filla. Ta fuskarmu, sujada da zaman tahiya suna lanƙwasa yatsu da gaban ƙafa sosai, saboda haka ko bayan an cire simintin, su ne na ƙarshe da za ka koma wa, a hankali. Idan ciki yana ƙaiƙayi kada ka zura tsinke ko kara.

Babur kuwa, ƙafar hagu ce ke canza giya, ta dama ke taka birki da tayar da inji, kuma kowacce tana iya zama wadda za ka dire da ita ba shiri. Sai an cire simintin, likita ya ga hoton ya ce ƙashi ya haɗe, kuma ka iya tsayawa a kan wannan ƙafar ita kaɗai ka ɗaga dunduniya sau goma ba tare da zafi ba.